Aikin Angulu

Abu ɗaya Baba ya koya mana game da daji, ni da ƙanena Hamidu, wanda ya ce ko daga barci aka tashe mu mu faɗe shi daidai. In dabbarka ta faɗi a inda ba kowa, kuma ba ka da ƙafar kai kanka rijiya, kada ka bar mushen, ka zauna kusa da shi. Kafin rana ta take angulu za su gani, mikiya ta biyo su, su yi ta kewaya sama, kuma duk makiyayin da ke tsakanin Tarka da Tenhya ya san abin da wannan yake nufi. Wani zai zo ko don ya duba ba saniyarsa ba ce. Shi kansa Baba haka aka taɓa tsinto shi yana saurayi, shi ya sa bai yarda yaro ya jefi angulu a gabansa ba.

Wannan karatun ne ya kashe Hamidu.

Da bazara ne, shekara huɗu ke nan. Ya hau taguwarsa, raƙumar da yake ji da ita, ya yi arewa duba ciyawa, don tamu ta nan Zangon Aduwa ta ƙare ƙarƙaf. Taguwar ta zurma ƙafa a rami, ƙafar ta karye, shi kuma ta yar da shi ya gurɗe idon sawu. Duk wannan daga baya na karanta shi a ƙasa, don bin sawu shi ne sana'ata. Ni ne Barmo mai bin sawu, har daga Belbeji ana aiko min in raƙumi ya ɓata. Hamidu ya yanka taguwar, ya feɗe ta, ya baje naman a fili inda jansa zai fito sosai ga mai kallo daga sama. Ya ja jiki zuwa inuwar wata farar ƙaya ya zauna. Na ga inda ya riƙa rarrafowa yana korar dila daga naman, ya koma inuwa, ya sake fitowa. Rijiya tana gabas da shi, tafiyar rabin yini ga mai lafiya. Da ya ɗingisa da sanda tun ranar farko, salkarsa da sauran ruwa, da ya kai. Amma ya yi abin da aka koya masa, ya zauna yana jiran tsuntsaye.

A rana ta huɗu na same shi, kwance rigingine, fuskarsa na kallon sama. Naman taguwar ya bushe ya yi baƙi, ko tsuntsu ɗaya bai sauka a kansa ba.

Sai bayan mun binne shi na tambayi kaina tambayar da ya kamata in yi tun da daɗewa. Yaushe rabona da ganin angulu? A mahauta babu, a bakin rijiya babu, a kan bukkokin kasuwar Tarka inda da suke jeruwa kamar tsofaffi a gindin masallaci, babu. Wa ke ƙirga angulu? Sun ɓace a gabanmu muna tauna goro. Kuma ba sai na yi bincike ba, na san wanda ya yi aikin, kowa ma ya sani.

Gajere ɗan kawuna ne, taubashina, kuma sunan bai zalunce shi ba, in ya hau moto, wato babur, sai ka rantse moton ne ke tafiya shi kaɗai. Damina biyu a jere gero bai yi ba, sai ya samo wasu fatake masu sayen kan angulu suna kai wa bokaye can kudu. Ya nemi mataccen jaki, ya barbaɗa masa maganin ƙwari, ya koma gefe. Tsuntsaye su sauko, su ci, su kasa tashi, shi kuma ya bi su da wuƙa da buhu. Washegarin sadakar uku na je kwarin da yake wannan ta'asa, bayan gari. Wayyo Allah! Gashin tsuntsu har idon sawu, ƙasusuwa tuli, kowanne ba kai. Na tsaya a wurin na ce wallahi sai wannan ɗan banza ya mutu irin mutuwar Hamidu.

Na kai magana gun maigari, ya ce, “Barmo, ka yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Tsuntsu fa muke magana, ba a taɓa ɗaure mutum kan angulu ba.” Na fita ban yi masa sallama ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba wanda ya ɗauki fushina da gaske. Mu taubasai ne, tun muna yara zagi ne gaisuwarmu. Ran kasuwa na tare shi gaban mai tsire na ce, “Gajere, ka ji da kunnenka, sai na ga bayanka.” Mutane suka kwashe da dariya, wani har yana dukan cinya, wai wasan taubasai ya tashi. Shi ma ya yi dariyar, ya ce, “Kai da ba ka iya kashe kaza sai an riƙe maka?” Amma na ga idonsa, shi kam ya gane ba wasa nake ba. Daga ranar in ya hango ni sai ya sake hanya.

Ba Hamidu kaɗai abin ya ci ba. A ranin da ya biyo baya, duk dabbar da ta faɗi sai ta kwana goma tana wari a inda take. Karnuka suka yi ƙiba suka fara bin 'yan awaki. Shanu kuwa in yunwa ta kama su ƙashi suke tauna, sai ka ga saniya lafiyayya ta tauna na ruɓaɓɓen mushe, kwana biyu ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Ni kaɗai na rasa uku. Duk wadda ta faɗi, sunan Gajere nake kira.

Shekara ta zagayo, bazara ta sake kamawa, sai wata safiya matarsa ta shigo gidanmu tana kuka. Gajere ya yi arewa da moto tun shekaranjiya neman tsuntsaye, don na kusa ya gama da su, kuma bai dawo ba. Salularsa ba ta shiga, dama can wurin ba rezo. Wa za a kira? Ni.

Inna, uwata, ta kama min hannu ta ce, “Barmo, ɗan ɗan'uwana ne. Na binne ɗaya, kada ka bari in binne biyu.” Na je ina ɗaura wa raƙumina sirdi. Nan Rakiya, matar marigayi Hamidu, ta same ni da salka biyu cike da ruwa. Ta miƙo min, ta duba hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

“Yaya, ka je tunda Inna ta ce. Amma ba sai ka yi sauri ba.”

Ban yi saurin ba kuwa. Sawun moto ko makaho ya bi shi, amma na tsaya na yi sallar azahar a natse, na bar raƙumi ya ci ganye har ya ƙoshi. Washegari da hantsi na tarar da moton a yashe, ba ɗigon man esansi a cikinsa, ga buhu a ɗaure a baya, wayam, bai samu ko tsuntsu ɗaya ba. Sawun ƙafarsa ya yi yamma, ya karkato kudu, ya sake komawa yamma, tafiyar wanda bai san daji ba sai ta kan taya. Na ga inda ya yar da bidon ruwansa, na ga inda ya fara jan ƙafa, na ga inda ya faɗi ya tashi. Allah ya gani, duk faɗuwar da na karanta sai da na ji daɗinta.

Rana ta take na hango shi a gindin wata aduwa, ya jingina, bakinsa ya tsattsage ya yi fari. Da ya ga raƙumi ya ɗaga hannu. Da ya ga wanda ke kai, hannun ya sauka.

Na durƙusar da raƙumin taku ashirin daga inda yake. Na kwance salka, na zuba ruwa a buta, na yi alwala a hankali, kowace gaɓa sau uku, ruwa yana zuba a yashi yana kallo. Na haɗa 'yan itace na ɗora shayi.

“Barmo,” in ji shi, muryar da ƙyar take fita. “Ruwa, don Allah.”

“Af, Gajere, kai ne a nan? Me kake jira? Ka kalli sama mana, yanzu za a zo.”

Ya rufe ido. Na zuba shayin a kofi, na mayar a buta, na sake zubawa, yadda zai ji ƙarar ruwan.

Na ce, “Zan ba ka, ai ba rowa gare ni ba. Amma ka fara amsa min tambaya ɗaya. In ka mutu a nan, me ƙasar nan za ta rasa?”

“Ina da 'ya'ya.”

“Hamidu ma yana da su, biyu, ni nake ci da su, naka ma wani zai ci da su. Ba wannan na tambaye ka ba. Dubi buzuzun can da ke gungura kashin raƙumina, kafin la'asar ya binne shi, in ruwa ya sauka ciyawa ta fito a wurin. Gara tana cin busasshen icce ta mai da shi ƙasa. Angulu da kake ganin ƙazama ce, ita ke share mana daji tun kakannin kakanninmu ba ta taɓa neman a gode mata ba. Kowa da aikin da ya sa aka bar shi yana numfashi. Kai fa? Shekara arba'in kana cin geron ƙasar nan ta Damargu kana shan ruwanta, me ka mayar mata? Faɗa min abu ɗaya, in ba ka salkar nan gaba ɗaya.”

Can sai ya ce, “Yunwa ce. Ba hatsi a gidana. Ban san abin zai kai haka ba.”

“Ƙarya kake, mu ma ba hatsin muke da shi ba.”

“Ran da na sai da buhun farko na sai maka tsire a Tarka, ka ci.” Ya haɗiye yawun da babu. “Ka san na mene ne. Ka yi dariya.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ban so jin ta ba. Na ce ya rufe min baki. Amma ɗan banzan, ga shi a bakin kabari, bai rufe ba.

“Kai ne mai bin sawu. Kwana huɗu. Me ya sa kwana huɗu, Barmo?”

Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, ko Rakiya. Iska ta share sawun taguwar Hamidu a wani fili, kuma maimakon in sauka in bi ƙasa a tsanake yadda na iya, sai na ɗaga kai. Na duba gabas, sama fes, ba tsuntsu, na ce to ba ya can, na yi yamma. Kwana biyu cur na ɓata ina neman ƙanena a inda ba ya nan, ina kallon sama kamar wawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma shi wannan da bai san gabas da yamma ba ya lissafo ta da kansa.

Na miƙe, na kifar da shayin a wuta, na ɗaure salkunan, na hau raƙumi. Ya kira sunana sau biyu, ban waiwaya ba. Na ce a raina zan koma in ce sawu ya ɓace, wa zai ƙaryata ni? Na haye tudu ɗaya, na haye na biyu.

A kan tudu na uku na tarar da wani mushen sa, ya kumbura, ƙudaje sun rufe shi, warin har raƙumina sai da ya kauce. Ba nisa da wurin ga sawun garke ya wuce zuwa rijiya. Na tsaya ina kallo. Na ce to, haka Gajere zai zama jibi, ya kumbura a gindin aduwa, ya ƙara wa daji wari ɗaya, shi ke nan ya huta. A yi masa addu'a, a ce Allah ya jiƙan bawan Allah, Inna ta yi kuka, matarsa ta yi takaba. Mu kuma ya bar mu da mushe da karnuka har ƙarshen rayuwarmu. Haba! Ashe sauƙi zan yi masa? Wuni ɗaya na ƙishirwa, a madadin duk wannan? Ina, ban yarda ba.

Na juya raƙumin.

Na same shi ya zame daga jikin iccen ya kwanta. Na jiƙa bakin rawanina na matsa masa a leɓe, daidai yadda harshensa zai motsa, ba ƙari. Na ciro salulata na danna ɗaukar murya na kanga masa a baki.

“Ba tausayinka na ji ba, kada ma ka fara gode min. Ka kashe masu aikin, to aikin ya dawo kanka. Daga yau duk dabbar da ta faɗi a ƙasar Zangon Aduwa, daga rijiya zuwa kwari zuwa burtali, jaki ne, saniya ce, kare ne, kai za ka ja ta, kai za ka haƙa rami mai zurfi ka binne. Ba lada, ba hutun salla, har ranar da kai ma za a haƙa maka naka. Kuma hannunka ba ya ƙara taɓa tsuntsu. Ka rantse da Allah ka faɗi sunanka da na ubanka, in kai wa maigari da liman su ji.”

Ya rantse, kalma ɗaya ɗaya, yana haki. Sannan na ba shi ruwa, kurɓi kurɓi, na ɗora shi a bayan raƙumi kamar buhu.

Inna ta yi ta sa min albarka. Rakiya kuwa da ta ga na sauko da shi da rai, ta tofar da yawu ta shige ɗaki, wata guda ba ta gaishe ni ba. Na kunna muryar a ƙofar maigari gaban jama'a, wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Shekarar farko na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. In na ji dabba ta faɗi, da kaina nake zuwa ƙofar gidansa in buga sallama da ƙarfi, “Angulu! Fito, abincinka ya sauka!” Sunan ya bi shi, har mata a rijiya da shi suke kiransa. In je in zauna a inuwa ina kallonsa ya ɗaure hanci da tsumma, yana haƙa a ƙasar da rana ta gasa, yana amai yana komawa. A masallaci mutane suna barin tazara tsakaninsu da shi. Na ce madalla, haka nake so.

Amma ɗan Adam, ba ka gama sanin ta inda zai ɓullo maka. Shekara ta biyu ya samo amalanke da jaki. Ya gano inda ƙasa take da taushi nesa da rijiya, ya koyi zuba toka da ƙaya a kan rami don kada karnuka su tone. Mutuwar shanu a bakin rijiyarmu ta ragu, kowa ya gani. Fulanin da ke wucewa suka fara aje masa ƙwaryar nono a ƙofar gida, Buzaye suna aiko masa da cuku. Aka fara aikowa daga wasu garuruwa ana neman sa. Kiran Angulu bai fita ba, sai dai yanzu cewa ake Malam Angulu, kuma amsawa yake yi da fara'a. Har ƙiba ya yi!

Rakiya ce ta faɗa min abin da ke cina. Ta ce, “Yaya, sannu da ramuwa. Da can ba wanda ya san amfaninsa, ka je ka ɗauko shi ka mai da shi mutum.”

Maganar ta zauna min a wuya kwana da kwanaki. Watan jiya na ce to, tunda ni na ba shi, ni zan ƙwace. Na same shi bayan kwari, wata babbar saniya ta faɗi, ya fara rami ya kai gwiwa. Na tsaya a kansa.

“Gajere, na warware maka rantsuwar. Ka aje shebur ka tafi gida, na sallame ka.”

Ya ɗago ya share gumi da gefen hannu. “Da wa na rantse? Da kai?”

“Ni na sa ka.”

“Ka sa ni, gaskiya ne. To in na tafi, wannan fa? Garken Rissa makiyayi gobe zai biyo ta nan.” Ya ci gaba da haƙa, sannan ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, “Ba na neman ka yafe min, Barmo. Ni ma ban yafe wa kaina ba. Amma wannan babba ce, ni kaɗai ba zan gama kafin la'asar ba. Akwai wani sheburin a amalanke.”

Na zage shi, na zagi jakinsa, na ce Allah ya isa tsakanina da shi har gaban abada. Shi dai haƙarsa kawai yake. Na dubi saniyar, cikinta ya fara tashi, ƙudaje sun fara taruwa a idonta, kuma garken Rissa shanu sittin ne.

Na ɗauko sheburin na diro cikin ramin. Ban yafe masa ba, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Muka haƙa har la'asar, yana wancan gefe ina wannan, kuma duk ƙasar da na ɗebo a kan ƙafafunsa nake zuba ta.